Harbi a Wutsiya Ya Fi Kuskure? Kimiyyar Harsashi da Ladubban Farauta Daga Nesa

Gabatarwa

Hausawa kan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, wato samun kaɗan ya fi rashi baki ɗaya. Wannan magana gaskiya ce a kasuwa, gaskiya ce kuma a ɗakin jarrabawa. Amma a dawa, inda aka samo karin maganar, lamarin yana buƙatar a sake duba shi. Dabbar da aka kuskure takan tsere lafiya lau, ita kuwa wadda aka sama a wutsiya, ko a cinya, ko a ciki, takan tsere da rauni ta je ta mutu a cikin sarƙaƙiya bayan kwana biyu ko uku, maharbi bai ci ba, ita kuma ba ta rayu ba.

A 'yan shekarun nan wani salon farauta ya bunƙasa a ƙasashen Turawa, musamman Amurka, inda maharbi kan kwanta a kan tudu ya harbi dabbar da ke nesa da shi da mita 700, ko 1,000, ko ma fiye. Hotunan irin wannan harbi suna yawo a wayoyin hannu, samari kuma suna kallo suna mamaki. Su kansu maharban can sun rabu biyu a kan batun: wasu na ganin gwaninta ce, wasu na ganin wasa da rai ne. Wannan maƙala za ta auna batun da ma'auni biyu, wato ilimin kimiyya da kuma ladubban farauta kamar yadda aka san su a Banga da sauran garuruwan arewacin Zamfara.

Farauta a ƙasar Banga

Banga na cikin ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda ta jihar Zamfara. Ƙasar yankin, har zuwa Zurmi da Shinkafi, fili ce mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ga gulabe irin su Gagare da Bunsuru, ga kuma dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu. A da, da zarar an kammala aikin kaka, ciyawa ta bushe, sai maharba su shiga dawa neman barewa da gada da zomo da zabin daji, wani lokaci har da manyan namun daji irin su gwanki. Sana'a ce ta gado mai shugabanninta, kuma sarautar Sarkin Baka tana nan a masarautu da dama na ƙasar Hausa har gobe.

Makamin maharbi na asali shi ne kwari da baka. Kibiya ba ta da ƙarfin da za ta kayar da babbar dabba nan take, don haka ake shafa mata dafi, wanda ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani da wasu tsirrai. Masana harhaɗa magunguna sun tabbatar cewa kwankwani na ɗauke da sinadarin da ke tsayar da bugun zuciya. Daga baya bindigar adaka ta yaɗu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Cikin bututunta sumul yake, saboda haka abin da ta harba kan bazu, ba a kuma iya dogara da saitinta sai a kusa.

Tun da makaman nan biyu ba sa kai wa nesa, dole maharbi ya matsa har tsakaninsa da dabba ya zama 'yan taku ashirin ko talatin. Wannan tilas ita ta haifi ilimin sanɗa. Maharbi kan bi sawu, ya duba kashi ya gane ko na yau ne ko na jiya, ya watsa ƙura ko toka ya ga inda iska ta nufa, sa'an nan ya zagayo ta inda iska za ta busa daga dabbar zuwa gare shi. Mafi shahara cikin dabarunsa ita ce ta burtu: yakan ɗaura siffar kan wannan tsuntsu a goshinsa, ya lulluɓe jikinsa da baƙin tufafi, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa, da haka maharbi kan kai kusa.

Yau al'amura sun canza. Tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, noman gyaɗa da auduga ya faɗaɗa, jama'a ta ƙaru, gonaki suka yi ta cin daji. Daga wajen 2011 kuma 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Zamfara, shiga dawa ta zama kasada ga manomi da makiyayi da maharbi. Duk da haka tambayar da tsofaffin maharba ke yi wa kansu kafin su saki kibiya ba ta tsufa ba: daga nan inda nake, harbin zai kashe ko zai raunata?

Abin da ke faruwa da harsashi a hanya

Bindigar zamani ta bambanta da adaka ta fuskoki biyu. Na farko, an yi wa cikin bututunta zane mai murɗiya, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, juyawar kuma ita ke hana shi karkacewa. Na biyu, saurinsa. Harsashin bindigar farauta matsakaiciya kan bar bakin bindiga da gudun kimanin mita 800 a sakan ɗaya, alhali ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 ne kawai a sakan. Duk da wannan sauri, abubuwa huɗu suna jiran sa a hanya.

Abu na farko shi ne jan ƙasa. Tun a 1638 masanin nan ɗan Italiya, Galileo, ya bayyana cewa duk abin da aka jefa yana tafiya gaba yana kuma faɗuwa a lokaci guda, don haka hanyarsa lanƙwasasshiya ce. Harsashi na fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bututu. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka adadin sakan da kansa, sa'an nan a ninka abin da aka samu da 4.9, amsar ita ce faɗuwar a mita. Harsashi kan kai mita 100 cikin kimanin sakan 0.13, faɗuwarsa ke nan kimanin santimita 8. Zuwa mita 300 yakan ɗauki kimanin sakan 0.42, faɗuwar ta kai santimita 86. Zuwa mita 1,000 kuwa yakan ɗauki kimanin sakan 1.7, faɗuwar kuma ta haura mita 10, wato ta fi tsayin gidan sama mai hawa biyu. Maharbi na iya gyara wannan ta hanyar ɗaga bakin bindiga, amma sai in ya san nisan daidai. A mita 1,000, kuskuren mita 10 kacal wajen ƙiyasin nisa kan sa harsashi ya sauka sama ko ƙasa da inda aka nufa da kimanin santimita 20. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to amma a nan kimar ido ba ta wadatarwa.

Abu na biyu shi ne turjiyar iska. Wani Baturen Ingila mai suna Benjamin Robins ya nuna a 1742 cewa iskar da harsashi ke ketawa tana rage masa gudu ƙwarai da gaske. Harsashin da ya tashi da gudun mita 800 a sakan yakan isa mita 1,000 da kusan rabin wannan gudu. Ƙa'idar kimiyya kuwa ita ce, idan gudu ya ragu zuwa rabi, ƙarfin duka kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Bugu da ƙari, harsashin farauta an ƙera shi ne don ya buɗe a cikin jikin dabba ya kashe ta da sauri, idan kuma gudunsa ya yi ƙasa sosai sai ya ƙi buɗewa, ya huda ya wuce, ya bar ɗan ƙaramin rauni mai jinkirin kisa.

Abu na uku shi ne iskar da ke kaɗawa ta gefe. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, irin wadda ke kaɗa ƙananan rassan itace, takan ture harsashi da 'yan santimita kaɗan a mita 100, amma a mita 1,000 takan ture shi da kimanin mita 2. Matsalar ita ce maharbi na iya auna iskar da ke wurin da yake kwance, amma wadda ke can tsakiyar fadama ko bayan tudu sai dai ƙiyasi. Idan ƙiyasin ya kauce da mita ɗaya a sakan, harsashi zai kauce da kusan rabin mita. A lokacin hunturu, iskar arewa maso gabas takan taso ta lafa ba tare da sanarwa ba, hazo kuma ya rufe nesa. Da bazara kuwa kawalwalniya takan sa a ga abu yana rawa a inda ba nan yake ba.

Abu na huɗu shi ne jikin maharbin da na dabbar. Idan bakin bindiga mai tsawon mita ɗaya ya gusa da milimita ɗaya, saboda numfashi ko bugun zuciya, harsashi zai kauce da santimita 10 a mita 100, da mita ɗaya cur a mita 1,000. Ita kuma dabba ba gunki ba ce. Cikin sakan 1.7 da harsashi ke tafe, barewa mai kiwo na iya ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya ko biyu, harsashin da aka auna ƙirji da shi ya sauka a ciki ko a ƙugu. Wannan kuwa ba ya cikin ikon kowane maharbi, komai ƙwarewarsa.

Wurin da harbi ke kashe dabba da sauri, wato zuciya da huhu, a jikin barewa bai fi faɗin tafin hannun babban mutum da yatsu a buɗe ba. Idan mai karatu ya ɗora wannan faɗi a kan lissafin da ya gabata, zai ga yadda kasadar take.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ya wajabta a ji ta bakin masu wannan salo. Suna cewa kayan aikin yau sun rage yawancin waɗannan matsaloli: akwai madubin hange mai kusanto da nesa, akwai na'urar auna nisa da hasken lesa, akwai ƙaramar kwamfuta mai lissafa faɗuwar harsashi. Suna cewa dabbar da ba ta san da mutum ba takan tsaya cikin natsuwa, maharbi ya samu lokacin saiti, saɓanin wadda aka firgita a kusa aka harbe ta a guje. Suna ƙarawa da cewa wanda ya yi shekaru yana gwaji ya fi iya harbi a mita 600 bisa ga rago a mita 100, don haka kowa shi ya san iyakarsa, bai kamata a yanka wa kowa riga ɗaya ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan. Wani bincike da aka gudanar a Birtaniya aka buga a 2014 ya tattara bayanan harbi 2,281 daga maharban barewa 102. Ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na dabbobin an same su, kuma kashi 93 cikin ɗari na waɗanda aka samu sun mutu nan take. Cikin abubuwan da ke jawo kuskure ko rauni har da gaggawa, da rashin madogara mai kyau, da motsin dabba, da ƙarancin gwaji. Sai dai nisa ma yana cikin jerin. Kazalika farautar gargajiya ba ta rasa nata aibi ba: dafi ba ya kashewa nan take, ƙona daji da farautar gayya da karnuka kuwa ba sa bambanta mai ciki da mai shayarwa.

Hujjar masu suka

Masu suka suna kafa hujja da abubuwa huɗu. Na farko shi ne rauni, kamar yadda lissafi ya nuna. Na'ura na iya auna nisa, amma ba ta san iskar da za ta taso ba, ba ta kuma san lokacin da dabba za ta ɗaga ƙafa ba.

Na biyu shi ne wahalar bin sawu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya yi harbi daga kilomita ɗaya zai yi tafiyar kusan kwata na awa kafin ya isa, idan babu kwazazzabo ko gulbi a tsakani. In ya isa, duk sabara da geza kama suke yi da juna, ba lalle ne ya gane ainihin inda dabbar ta tsaya ba, balle ya ga ɗigon jini. Sau da yawa yakan ɗauka kuskure ya yi, alhali rauni ya yi.

Na uku shi ne ba dabba damarta. Masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, ya bayyana cewa kowace dabbar dawa tana da tazarar da idan abokin gaba ya ƙetare ta sai ta gudu. Hanci da kunne da ido su ne garkuwarta. Maharbin Banga mai kan burtu yana shiga cikin wannan tazara ne ya gwada wayonsa da nata, sau da yawa kuma ita ke cin nasara. Mai harbi daga mita 1,000 yana wajen da'irar baki ɗaya. Ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a Amurka a 1887, ta fitar da matsayinta a kan batun a 2014. Ba ta yanke wani adadin mita ba, amma ta nuna cewa abin dubawa shi ne niyya: idan burin mutum shi ne ya gwada iyakar nisan da zai iya harbi, alhali yana da halin matsawa kusa, to ya bar farauta ya koma harbin bara, ya mai da mai rai allon gwaji.

Na huɗu shi ne haɗari ga mutane. Harsashin da ya kuskure dabba ba ya tsayawa, yana iya tafiyar fiye da kilomita 3 kafin ya faɗi. Dajin ƙasar Hausa kuwa ba kango ba ne. Akwai makiyayi da garkensa, akwai mata masu itace, akwai yara masu tsinkar magarya da aduwa. Madubin hange yana nuna ɗan ƙaramin wuri ne kawai, ba ya nuna wanda ke bayan kurmi.

Zaɓin mutum da haƙƙin jama'a

Shin batun ya rage ga zaɓin kowane maharbi ke nan? Abin da mutum ya zaɓa wa kansa, wanda cutarsa ba ta wuce shi ba, wannan nasa ne. Amma a nan wahalar kuskure tana faɗawa ne a kan dabba, da makiyayin da ke bayan tudu, da kuma na baya waɗanda za su gaji dajin.

Tarihin yankin Sahel ya isa darasi. Mariri, mai dogayen ƙahoni kamar takobi, ya taɓa cika filayen Nijar da Chadi. Farauta da bindigogin zamani da motoci, haɗe da fari da ƙarancin makiyaya, suka ƙarar da shi, har aka bayyana a shekarar 2000 cewa babu sauransa a dawa. Sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace, a 2023 kuma aka cire shi daga wancan jeri. Raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996, amma da aka kare su sun haura 600. Ita barewar ƙasar Hausa ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wata shida, tana kuma cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa, kowace ɗaya da ta mutu a banza giɓi ce.

Shi ya sa hukuma ba ta bar lamarin ga son rai ba. A Nijeriya akwai dokar mallakar bindiga ta 1959, da dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da doka mai lamba 11 ta 1985 wadda ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin magana. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya halatta farauta don buƙata, ya karhanta ta idan don wasa ce, ya kuma gindaya sharaɗin cewa dabbar da kibiya ta kashe ana cin ta ne matuƙar ba ta kwana a ɓace wa maharbi ba. Ingantattun hadisai sun hana mai da abu mai rai abin gwada bara, sun kuma yi umurni da kyautatawa ko da wajen yanka.

Daga duk waɗannan ana iya tsamo ma'auni mai tambayoyi biyar. Doka ta yarda a harbi wannan dabba a wannan wuri? Akwai buƙatar naman? Maharbi ya sha gwada wannan nisa a kan allo, cikin irin wannan iska, yana samu kusan kowane lokaci? Ya ga abin da ke bayan dabbar? Idan rauni aka yi, zai iya isa da wuri ya bi sawu? Idan amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, sai ya matsa kusa ko ya haƙura.

Gwaji don aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai waɗannan ƙa'idoji ba tare da makami ba. A ajiye marafan kwalba biyu a bakin tebur, a gwabje ɗaya da yatsa ya yi gaba, a saki ɗayan ya faɗi tsaye a lokaci guda. Za a ji sun taɓa ƙasa tare, wato gudun gaba ba ya hana faɗuwa. Sa'an nan a zana da'ira mai faɗin santimita 15 a allo, ɗalibi ya haska ta da tocila mai siririn haske daga mita 2, daga baya ya koma ƙarshen aji. Kowa zai ga yadda rawar hannu ke girma tare da nisa. A ƙarshe a ba su lissafin faɗuwa na sakan 0.5 da 1 da 1.5, su zana sakamakon a takarda.

Kammalawa

Kimiyya ba ta ce ga adadin mitan da farauta ke zama zalunci ba. Abin da ta nuna shi ne, yayin da nisa ke ƙaruwa, rabon gwaninta a cikin harbi yana raguwa, rabon sa'a yana ƙaruwa, kuma wanda ke biyan kuɗin rashin sa'ar ba shi ne ya ja kunama ba. Maharbin da ya yi rarrafe da kan burtu tun hantsi, iska ta juya, barewa ta ɗaga kai, ya sassauta tsirkiya ya koma gida hannu rabbana, bai yi asarar komai ba sai yini guda, gobe kuma barewar tana nan. Ga mai riƙe da makami a dawa, kuskure ya fi harbi a wutsiya, haƙuri kuma ya fi su duka biyun.